Faɗuwar Singafo 1942: adashin da Ostareliya ta zuba, ranar kwasarta aka ce babu

Akwai wani hoto da aka ɗauka ran Lahadi 15 ga Fabrairun 1942, duk mai bin tarihin yaƙin duniya na biyu da wuya ace bai taɓa cin karo dashi ba. Turawa ne da gajeren wando da doguwar safa suna tafe kan titi, ɗaya ya saɓa tutar Ingila a kafaɗa ɗaya kuma farar tuta, ga hafsan Japan a tsakiya yana musu jagora. Dogon nan siriri na gefe shine Laftanar Janar Arthur Percival kwamandan sojan Birtaniya a Malaya (yankin Malesiya ta yanzu, maƙwabciyar tsibirin Singafo), inda suka nufa kuwa kamfanin haɗa motocin Ford ne dake Bukit Timah, can Janar Yamashita kwamandan sojan Japan ke zaune yana jiransu. Yamashita bai tsaya doguwar magana ba, eh ko a'a kawai yake so yaji. Dalilin gaggawar tasa sai daga baya ya fito, ashe albarusansa sun kusa ƙarewa kuma sojansa 30,000 ne da ɗoriya alhali waɗanda ke cikin tsibirin sun kai wajen 85,000, shi da bakinsa yace cika baki yayi kuma ta ci. Percival ɗin nan fa ba baƙonmu bane, yayi shekara 4 a rundunar Najeriya ta sojan Afirka ta Yamma a shekarun 1920, haka gwamnan Singafo na lokacin Shenton Thomas yayi aiki a Najeriya sannan yayi gwamna a Gana tun ana ce mata Gwalkwas.

A cikin waɗanda suka ajiye bindiga ran nan akwai 'yan Ostareliya wajen 15,000, kuma tun daga ranar ake jayayya. Mutanen Ostareliya sukace Ingila ta ci amanarsu, Turawan Ingila sukace ai sojojinku ne suka gudu suka buɗe ƙofa. Ni dai bayan na bi abin tun daga tushe abinda na gani shine adashi akayi wanda uwar adashin tasan bazata iya biya ba, mai zubin ma yasan da ƙyar ne, amma kowa yayi shiru dan shirun yafi masa arha.

Ga yadda adashin yake. Bayan yaƙin duniya na farko Birtaniya ta fito a talauce, bata da kuɗin ajiye rundunar jiragen ruwa biyu ɗaya a Turai ɗaya a gabas mai nisa, toh sai aka yanke a farkon shekarun 1920 cewa za'a gina ƙaton sansanin jiragen yaƙi a Singafo, in Japan ta motsa sai jiragen su taso daga Turai su zo su zauna nan su tare mata hanya. Aka yi ta gini ana tsayawa ana cigaba, gwamnati ta zo ta dakatar wata ta zo ta farfaɗo, sai 1938 aka buɗe shi a Sembawang, da tashar gyaran jirgi da rumbunan mai da manyan igwa masu bakin inci 15. Gareji ne na gani na faɗa amma ba mota ciki. Kwanakin da akace jiragen zasu ɗauka kafin su iso kuma suka riƙa ƙaruwa, daga 70 aka koma 90, da yaƙi ya ɓarke a 1939 akace 180, wato wata 6 kenan ku riƙe kanku. Tambayar da kowa ke kauce mata itace, in Japan ta jira sai Ingila ta shiga kokawa da Jamus fa? Ai ba mahaukaciya bace da zata kawo hari lokacin da hannun Ingila ke sake.

Kuma kar wani yace ba'a faɗa ba. Hafsoshin sojan ƙasa na Ostareliya irinsu Henry Wynter da John Lavarack sun yi ta nanata wannan tun shekarun 1920 da 1930, shi kansa John Curtin yana jagoran adawa a 1936 ya tashi a majalisa yace jingina tsaron ƙasa kan ko 'yan siyasar Ingila zasu iya turo taimako, balle ma su yarda su turo, kasada ce da tayi yawa. Amma gwamnatocin lokacin sun fi son jin abinda Landan ke faɗa, dan in ka yarda Singafo ta tsare ka to ba sai ka kashe kuɗi kan sojan sama da masana'antar makamai ba, ga ƙasar mutum miliyan 7 ce kacal ga matsin tattalin arziki. Da bazar wani suke rawa kuma sun sani.

Shiyasa da Ingila ta shelanta yaƙi kan Jamus ran 3 ga Satumban 1939, firaminista Robert Menzies ya shiga rediyo yace tunda Birtaniya ta shiga to Ostareliya ma ta shiga, ko majalisa ba'a jira ba. Aka kwashi runduna ta 6 da ta 7 da ta 9, wato zaratan sojan ƙasar, aka tura Gabas ta Tsakiya, sune a Tobruk da Girka da Kirit da Siriya. Zubin adashi kenan. A watan Yunin 1940 bayan Faransa ta faɗi Italiya ta shigo, Landan ta faɗa musu ƙarara cewa yanzu babu jiragen da za'a iya turowa gabas, sai kuma firaministan Birtaniya Churchill ya biyo da lallashi a watan Agusta cewa in dai Japan ta afka wa Ostareliya da gaske zai bar Bahar Rum ya taho. Lura da sharaɗin fa, in ta afka wa Ostareliya kanta, ba Malaya ba. Wani abin takaici ma takardar sirri da manyan hafsoshin Ingila suka rubuta suna bayyana raunin nasu a gabas, tana cikin jirgin Automedon da Jamusawa suka kama a Nuwamban 1940, suka miƙa wa Japan.

Runduna ta 8 ce aka bari wa gabas ita ma ba'a barta a dunƙule ba. Birged ta 22 ta isa Singafo a Fabrairun 1941, ta 27 ta biyo a Agusta, ta 23 kuwa aka yayyanka ta bataliya bataliya aka watsa Rabaul da Ambon da Timor, kowacce ita kaɗai a tsibirinta ba jirgin saman kirki ba mai kawo ɗauki. Wannan shawarar Kanbera ce, wato gwamnatin Ostareliya, ba ta Landan ba, kuma dukkansu haka Japan ta bi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Kayan faɗa kuma abin sai addu'a. Manyan hafsoshi a Landan da kansu sukace Malaya na buƙatar jirgin sama 336, na wurin sukace yafi 500, ranar da yaƙi ya zo 158 ne a ƙasa kuma yawanci tsofaffi, irinsu Buffalo da bai iya karawa da jiragen Japan. Tankar yaƙi ko ɗaya babu, wai daji ne tanka bata shiga, Yamashita ya zo da wajen 200. A shekarar 1941 ɗin nan Churchill yana ta lodin jirage da tankoki zuwa Masar da Rasha, kuma in ka zauna a kujerarsa zaka gane dalili, Hitila na bakin ƙofa Japan kuwa bata riga ta harba ko harsashi ɗaya ba. Sai dai bai taɓa fitowa ya gaya wa Ostareliya cewa a lissafinsa sune na ƙarshe a layi ba. Ga kuma raini, wanda ni a ganina ya kashe mutane fiye da rashin tanka. Hafsoshin Turawa na gaya wa yaransu wai Japanawa basa gani sosai, basa iya tuƙa jirgi da dare, jiragensu na gwangwani ne, mutanen da suka shekara 4 suna yaƙi a Sin ake faɗa wa haka.

Ran 8 ga Disamban 1941 da tsakar dare Japan ta sauka a Kota Bharu ta Malaya kafin ma bam ya faɗa sansanin Amurka na Pearl Harbor, ta kuma sauka a Singora da Patani a Tailan, kuma matuƙan Ostareliya na cikin na farko da suka kai wa jiragen nasu hari. Akwai shirin da akayi na riga su shiga kudancin Tailan mai suna Matador, babban kwamanda Brooke-Popham yayi ta jan ƙafa har lokaci ya wuce. Jiragen ruwan da aka shekara 20 ana alkawari kuma da suka zo guda 2 ne manya, Prince of Wales da Repulse, jirgin dakon jiragen sama da zai raka su ya dunguri ƙasa a Jamaika. Sun iso 2 ga Disamba, ran 10 ga wata jiragen saman Japan suka nutsar da su duka biyun a gabar Kuantan, mutum 840 suka tafi harda Admiral Phillips. Kwana 3 da fara yaƙi uwar adashi ta tashi ba ko sisi.

Daga nan sai ja da baya, Jitra, Penang inda aka kwashe Turawa zalla aka bar 'yan ƙasa, kogin Slim inda tankoki suka bi titi suka tarwatsa birged biyu a safiya ɗaya, Kuala Lumpur ran 11 ga Janairu. Salon Japan ɗaya ne kullum, Turawa su tare titi su kuma su bi ta daji ko ta teku a ƙananan jirage su ɓullo ta baya. Kekuna suke hawa dubbai, in taya ta fashe su cigaba a kan ƙarfen, ƙarar ma kaɗai cikin dare ta sa wasu kurata sun zaci tankoki ne.

Sai tsakiyar Janairu 'yan Ostareliya suka shiga faɗan ƙasa sosai, kuma farkon shigarsu sun nuna ana iyawa. Ran 14 ga wata kusa da Gemas, wani kamfani na bataliyar 2/30 ta Laftanar Kanar Galleghan suka yi kwanton ɓauna a gadar katako ta kogin Gemencheh, suka lafe cikin ciyawa a gefen hanya suna kallo Japanawa na wucewa kan kekuna suna hira bindigoginsu ɗaure a jikin keke, suka bar ɗaruruwa suka wuce, sai da gadar ta cika maƙil sannan aka tashe ta, keke da mutum da katako duk sama, aka buɗe wuta ta ko'ina. Amma dubi ƙaramin abu, waɗanda aka bari suka wuce ɗin sun ga wayar tarho a ƙasa sun yanke, dan haka masu igwa dake jiran a kira su basu ji komai ba, cikin 'yan awoyi injiniyoyin Japan sun gyara gada. Wannan matsalar ta waya ka riƙe ta zata dawo.

A Muar kuma aka ga ɗaya fuskar. Manjo Janar Gordon Bennett kwamandan 'yan Ostareliya shi aka ba wannan fagen, jarumi ne tun faɗan Gallipoli na yaƙin duniya na farko amma baya shiri da kowa, ba Percival ba ba hafsoshinsa ba. Ya ɗauki birged ta 45 ta Indiya, yara sababbin ɗauka, ya shimfiɗa su a bakin kogi mai tsawo wasu ma a tsallake, dakarun fadar sarkin Japan suka zo suka murƙushe su. Aka tura bataliya 2/29 da 2/19 ceto, masu igwar harbin tanka suka ƙona tankokin Japan a jere kan titin Bakri, amma an riga an zagaye su. Laftanar Kanar Charles Anderson ya ja ragowar suna fasa shinge bayan shinge kwana da kwanaki har Parit Sulong, suka tarar gadar na hannun abokan gaba, dole yace kowa ya shiga daji, aka bar masu raunin da basa iya tafiya da zaton za'a kula dasu. Mutum wajen 150 ne, 'yan Ostareliya da Indiyawa, aka ɗaure su aka harbe aka zuba fetur aka cinna wuta. Wani Laftanar Ben Hackney yayi kamar ya mutu ya tsira, shaidarsa na cikin abinda yasa aka rataye Janar Nishimura kwamandan dakarun fadar a 1951. Cikin mutum wajen 4,000 da suka shiga faɗan Muar waɗanda suka fito basu kai 1,000 ba. Anderson ya samu lambar Victoria Cross.

Ana wannan a daji, wani faɗan ake ta wayar tangaraho. Curtin ya zama firaminista a Oktoban 1941, ran 27 ga Disamba ya rubuta a wata jaridar Melbourne cewa Ostareliya ta maida dubanta ga Amurka ba tare da wani jin nauyin zumuncinta da Birtaniya ba. Churchill na Washington lokacin yaji kamar an mare shi a gaban baƙi, kuma a wannan zaman ne shi da shugaban Amurka Roosevelt suka ƙara tabbatar da cewa Jamus za'a fara gamawa da ita, Japan ta jira. Sai ran 19 ga Janairu Churchill ya samu saƙon Janar Wavell, babban kwamandan sojan ƙawance a yankin, cewa arewacin tsibirin Singafo fa babu wani shinge, babu ramuka babu komai. Yace shi bai taɓa kawo wa ransa haka ba kamar yadda bazai zaci a ƙera jirgin yaƙi ba gindi ba, ya kuma amsa cewa ya kamata ace ya tambaya. Shugaban injiniyoyin soja Birgediya Simson ya roƙi Percival tun Disamba a fara haƙa, amsar da ya samu itace wai gina shinge zai karya wa soja da farar hula gwiwa. Af, zancen nan da ake yawan yi cewa manyan igwan teku kawai suke kallo basa juyawa, ba haka bane, yawancinsu sun juya sun yi harbi cikin ƙasa, matsalar harsasansu na huda ƙarfen jirgi ne, in sun faɗa taɓo sai su nutse kawai.

Da Churchill ya gane haka sai ya fara tunanin ko a haƙura da Singafo a karkata sojan dake hanya zuwa Bama. Wakilin Ostareliya a Landan Earle Page ya jiyo ya sanar da gida, ran 23 ga Janairu, ranar da Rabaul ta faɗi, Kanbera ta aika saƙon da har yau ake ambato, cewa bayan duk alkawuran da aka musu janyewa daga Singafo zai zama cin amanar da ba uzuri. Nan ne abin ke da ɗaci. Ragowar runduna ta 18 ta Birtaniya aka barta ta wuce Singafo, suka sauka ƙarshen Janairu da farkon Fabrairu, wasu ko sati 3 basu yi ba suka zama fursuna. Ita ma Ostareliya ta turo ƙarin mutum wajen 1,900 ran 24 ga Janairu, da yawansu ko horon kirki basu samu ba wasu basu taɓa harba bindiga ba. Ba'a fafe gora ranar tafiya amma haka akayi, kuma wannan ba Churchill ne ya aiko su ba.

Ran 31 ga Janairu aka fasa gadar da ta haɗa tsibirin da Johor. Percival ya ƙudurta cewa ta arewa maso gabas za'a zo, Wavell yace masa ta yamma ne, bai ji ba, ya ajiye sababbin sojan Ingila a gabas, ya kuma ce sai an tsare bakin ruwa kaf maimakon a tara ƙarfi a baya a jira. Arewa maso yamma inda ruwan yafi ƙunci aka ba birged ta 22 ta Ostareliya, bataliya 3, mutum wajen 3,000, su tsare sama da kilomita 12 na fadama da itatuwan bakin teku masu saiwa a waje, inda in kana wannan ramin baka ganin na kusa da kai. Yamashita kuwa yana saman hasumiyar fadar Sarkin Johor yana kallonsu tar, kuma ba'a harbi hasumiyar ba. Ran 8 ga Fabrairu aka wuni ana musu ruwan igwa, wayoyin tarho suka tsintsinke, da dare jiragen kwale-kwale suka fara ɓullowa. Masu mashinga sun yi ɓarna a rukunin farko har bindigoginsu suka yi zafi, amma fitilun haska ruwa basu kunnu ba, masu igwa basu samu kira da wuri ba, Japanawa wajen 13,000 suka tsallako a daren suna bi ta tsakanin ramuka. Kafin gari ya waye birged ɗin ta watse cikin duhu, kowa na laluben hanyar baya.

Abinda ya biyo baya kwamacala ce ta kwamandoji. Birged ta 27 ta Birgediya Maxwell ta ja baya daga kusa da gadar a daidai lokacin da man da aka kunna kan ruwa ke cin dakarun Japan. Percival ya fitar da umarnin sirri na inda za'a koma in abu ya ɓaci, wasu suka ɗauka cewa akayi a koma yanzu, aka bar layin Jurong ba faɗan kirki. Bukit Timah ta tafi da rumbunan abinci da mai, madatsun ruwa suka koma hannun Japan, ga mutum wajen miliyan 1 a cikin gari bututu duk sun fashe. Churchill ya aiko ran 10 ga wata wai kwamandoji su mutu tare da sojansu dan mutuncin daula. Kuma gaskiya a faɗe ta, a kwanakin ƙarshe an ga sojoji barkatai a gari da bakin tasha sun yar da bindiga wasu a buge wasu na kutsawa jirgi da ƙarfi, akwai 'yan Ostareliya a ciki da yawa, akwai na Ingila da Indiya ma. Amma 'yan Ostareliya kusan 1,800 ne suka mutu a wannan yaƙin na sati 10 alhali wata ɗaya kawai suka yi suna faɗan ƙasa, wanda ya gudu tun farko baya mutuwa haka. Shi Bennett a daren da aka miƙa wuya ya bar wa wani hafsansa Callaghan ragama ya sulale a kwale-kwale zuwa Sumatra, ya isa Melbourne 2 ga Maris yace ya zo ne ya koyar da yadda ake yaƙar Japan. Ba'a sake bashi fagen daga ba, binciken 1945 kuma yace bai da hurumin tafiya koda niyyarsa mai kyau ce.

Kwana 4 da faɗuwar Singafo jirage 188 suka yi wa Darwin ruwan bam, sama da mutum 230 suka mutu, karon farko da yaƙi ya taka ƙasar. A daidai nan ne rigimar da tafi kowacce zafi ta tashi. Runduna ta 7 na cikin jirage a tekun Indiya an ɗauko su daga Gabas ta Tsakiya, Churchill yace a kai su Rangoon su ceci Bama, Roosevelt ya sa baki, Curtin yace gida zasu zo. Churchill bai jira amsa ba ya sa aka juya jiragen arewa, sai bayan kwana 2 ya faɗa. Curtin ya maida masa da zafi cewa ya jefa mutanensa cikin haɗari kuma a juyo dasu, dole aka juyo. Sojan na wani jirgi makamansu na wani, Rangoon kuwa ta faɗi 8 ga Maris, da an kai su da wuya ace ba Singafo ta biyu akayi ba. Ance makonnin da jiragen ke kan ruwa ba rakiyar kirki Curtin baya iya barci, sai dai ya fita yayi ta zagaya harabar gidan firaminista cikin dare. Waɗannan sojan ne daga baya suka je suka tari Japan a Kokoda da Milne Bay dake Niugini. Duk da haka sai da ya bar birged 2 na runduna ta 6 a Silon na wani lokaci, ta 9 kuma ta zauna har bayan faɗan El Alamein a Masar.

Toh amma masu cewa daga ranar Ostareliya ta saki Ingila ta kama Amurka sun gajarta labarin. Eh Janar MacArthur na Amurka ya iso a Maris 1942 aka damƙa masa sojan ƙasar, eh a Oktoban 1942 majalisa ta amince da dokar Westminster ta 1931, mai ba ƙasar ikon yin dokokinta ba sai da Landan ba, da ta shekara 11 tana jan ƙafa a kai, kuma a 1951 aka ƙulla yarjejeniyar tsaro ta ANZUS da Amurka da New Zealand ba Birtaniya a ciki. Sai dai MacArthur ɗin ya gaya wa Curtin a fuska cewa Amurka sansani take gani a Ostareliya ba wani abu ba, kaga tsugune bata ƙare ba. Kuma Curtin ɗin dai shine ya koma yana wa'azin haɗin kan daula a 1943 da 1944, shi ya kawo ƙanin Sarkin Ingila ya zama gwamna janar, a shekarun 1950 ma ƙasar ta ba Ingila fili ta gwada bam ɗin nukiliya a Monte Bello da Maralinga. Zumuncin bai yanke ba, yarda ce ta tafi, sai da Ingila ta shiga kasuwar Turai a 1973 sannan aka san an raba gari da gaske.

Mu ma nan abin ya taɓo mu. Malaya ce babbar mai ba daular kuza da roba, da ta tafi sai Turawa suka juyo kan Jos, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗiban talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza dole, abinda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, sanyin tsauni da yunwa da cuta suka kashe da dama. Bama ɗin da Churchill yaso ya tura 'yan Ostareliya kuma, daga baya runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma aka kai, kakanninmu kenan 'yan Bama.

A Fabrairun 1992 firaministan Ostareliya na lokacin Paul Keating ya tashi a majalisa ya ce wa 'yan adawa suna ta biyayya ga ƙasar da ta ƙi kare Malaya, bata damu da Singafo ba, kuma ta ƙi maido musu da sojansu, jaridun Landan suka yi masa ca. Ba'a cika shekara ba aka buɗe wani rahoton sirri da aka haɗa wa Wavell a 1942 aka kulle shekara 50, a ciki an rubuta cewa 'yan Ostareliya ake ɗora wa alhakin faɗuwar Singafo, rahoton da aka tattara daga bakin waɗanda suka samu tserewa tun kafin a ji ta bakin waɗanda aka kama. Tsofaffin runduna ta 8 da suka rage, lokacin sun haura 70, suka buɗe jarida suka ga ana ce musu matsorata. Da yawa daga abokansu basu kai ga karantawa ba, cikin 'yan Ostareliya wajen 22,000 da Japan ta kama a yaƙin kusan 8,000 basu dawo ba, wasu a layin dogon Tailan zuwa Bama, wasu a Sandakan ta Borneo inda aka tsare fursuna sama da 2,400 'yan Ostareliya da Ingila tare, mutum 6 suka fita da rai.